Abin da Yagana ta nuna min a cikin dakashi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina zaune bakin ƙofar ɗakina da kofin koko a hannu, maƙwabciyata Malama Rabi ta shigo, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ta tsuguna a gabana ta ce Farfesa Yagana ta rasu jiya bayan la'asar. Yanzu da nake maganar nan har an yi mata sutura a gidan iyayenta a Shahuci, an kai ta.

Masu karantawa, shafin na Malama Rabi ne, amma bakin nawa ne. Ni ce Goggo Dudu, ungozoma, ta nan Dukawuya. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa tana rubutawa a waya. Na ce mata ko na yi ta kewaye-kewaye ta rubuta haka, kar ta gyara min.

Kuma tsoro nake ji. Gara in faɗa tun yanzu. Akwai maganar da Yagana ta roƙe ni in faɗa wa mata da bakina, na yi mata alkawari, na kasa. Ta tafi ban cika ba.

Rabi ta karanta min abin da mutane suke ta rubutawa a kanta. Likitoci, malaman jami'a, ɗalibanta da suka zama manya. Wai ta rubuta takardun bincike masu yawa a kan ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗannan da ake cewa sojojin jiki. Wai har ƙasashen waje ana karantawa, ana kiranta ta je ta yi bayani. Wani ma daga wata ƙasa da na kasa riƙe sunanta ya ce takardarta ce ta sa ya sake hanyar aikinsa gaba ɗaya.

Ni duk ban san wannan ba sai sama-sama.

Abin da na sani, ni na yanke mata cibi.

A hannuna ta faɗo, a ɗakin mahaifiyarta Hajiya Fanna, Allah Ya ji ƙanta. 'Yar mitsitsiya, ga kuka kamar an mintsine ta. Barebari ne su, kakanninsu daga Borno suka zo tun ba a haifi kakata ba. Ni kuma ta wajen uwa Bafulatana ce, don haka, a wasan Fulani da Barebari, tun daga ranar na ce na samu baiwa.

Kuma na yi wa uwarta abin da nake yi wa kowace mai jego.

Yaran yanzu wataƙila ba ku san dakashi ba. Shi ne nonon farko, mai kauri, rawaya-rawaya, wanda ke zuwa kafin farin nono ya sauko. Mu an koya mana ƙazanta ne, ya daɗe a kwance ya lalace. Sai a tatse shi a ƙoƙo a zubar, kwana biyu ko uku. Jariri kuma a ba shi ruwan ɗumi, ko madarar akuya. In ana shakkar nonon uwa sai a ɗiga a murfi a jefa tururuwa. In ta fito, nono na da kyau. In ta mutu a ciki, a ce mugun nono ne, a hana yaro sai an yi magani.

Haka kakata ta koya min. Haka ita ma aka koya mata. Ba mugunta ba ce, wallahi, tsaron lafiyar yaro muke yi a ganinmu.

Na yi ta yi tun ina da ƙarfina har gashina ya yi fari. Daga Dukawuya zuwa Gwale, da wuya ka shiga lungu babu gidan da na tatse wa wata. Na kuma koya wa wasu. Wadda ta fi riƙe aikin ita ce Tabawa, 'yar ƙanwar mijina. Yanzu ita ake kira a unguwar nan.

Yagana ta girma ta tafi karatu, sai dai in ji labarinta a wajen biki. Rannan da hantsi aka ce wata mata ta ajiye mota a bakin titi tana tambayar ɗakin ungozoma. Na shige bayan ƙyaure. Lokacin ana ta raɗe-raɗin hukuma za ta fara kama masu karɓar haihuwa a gida. Ina jin ta a tsakar gida tana cewa a faɗa wa Bafulatanar nan uwargijiyarta ta zo, ta fito ta kawo ruwa.

Da muryar Hajiya Fanna ta yi maganar, sak. Na fito.

Ta zauna a tabarmata, ta cire takalmi, ta sha ruwan randa. Bayan an gama gaisuwa ta ce alfarma ta zo nema. Wai abin da nake zubarwa take so, ɗigo kaɗan, in masu jegon sun yarda.

Na ce a raina boko ta kai yarinyar nan ga tsafi. Me mutum zai yi da dakashi in ba asiri ba? Na ce mata sai na yi shawara. Ta yi dariya ta ce ta san abin da nake tunani, ita ma da ita ce haka za ta zata.

Ba ta ce min ina kuskure ba a ranar. Ba ta faɗa ba a zuwa na biyu.

Sai da ta yi ta zuwa. Mu shiga ɗakin mai jego tare, ita da kanta za ta yi bayani, ta ce wadda ba ta so ba dole. Tana da wasu 'yan kwalabe da take jerawa a kula irin ta masu sayar da zoɓo. Kafin ta fita sai ta ce wa uwar, a hankali, ta sa wa yaro nono yanzu, babu komai. Ni kuma in ta juya baya in harari mai jegon. Sun fi tsorona a kanta. Ta sani.

Wata rana ta ce in shirya, za ta kai ni in ga inda ɗigon yake zuwa.

Ban taɓa shiga waje irin wannan ba. Lab suke ce masa. Sanyi kamar cikin randa, kowa da farar riga, ga wari irin na asibiti. A bakin ƙofa na tsaya na ce na fasa. Ta riƙe hannuna ta ce wa ɗalibanta su miƙe, ga wadda ta fara ganinta a duniya. Duk suka miƙe suna gaishe ni, manyan mutane da tabarau. Ni kuma mayafina nake ta ja.

Ta ɗiga abin a kan ɗan gilashi, ta sa a ƙarƙashin wata na'ura da ake leƙawa da ido. Na ce ba zan sa idona ba, kar ya tsotse min sauran ganin. Sai ta kunna wani allo kamar talabijin ta ce to in kalla a nan.

Na ga abubuwa zagayayyu birjik, kamar an watsa gero a faifai. Ta ce ba duka ba ne, waɗancan maiƙo ne. Ta sa yatsa ta nuna min wasu daban, masu ɗan duhu a ciki.

Ta ce: "Goggo, waɗannan su ne masu gadi. Daga jikin uwa suke fitowa, da ransu. Jariri yana zuwa duniya nasa ba su yi ƙwari ba, sai uwa ta aiko masa da nata a nonon farko, su da wasu sinadarai da ido ba ya gani ko a nan. Su ke tare masa cuta kafin nasa su tashi."

Na tambaye ta ko a nonon wannan matar ne kawai. Ta ce a na kowace uwa.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ni ma na taɓa haihuwa, sau ɗaya. Namiji. Kakata ta tatse ni kwana uku, ta yi gwajin tururuwa, tururuwar ta mutu. Aka hana shi nono, aka yi ta ba shi madarar akuya ina kallo, ƙirjina kamar zai fashe. Gudawa ta kama shi. Bai kai ranar suna ba. Ban sake samun wani ba har mijina Malam ya rasu.

Ban taɓa ba kowa labarin nan ba sai ita, a ƙasan lab ɗin nan, bayan ta sallami ɗaliban ta zauna kusa da ni da farar rigarta. Na ce ta faɗa min gaskiya, mu muka kashe shi? Da sauran da suka tafi a hannuna kafin suna?

Na zata za ta ce a'a don ta kwantar min da hankali. Ba ta ce ba.

Ta ce: "Ban sani ba, Goggo. Babu na'urar da za ta nuna min wannan. Abin da ke ɗaukar jariri yana da yawa, kuma rai na Allah ne. Abin da na sani, da an ba su dakashin da sun fi samun kariya. Ke kuma ba ki sani ba a lokacin. Yanzu ne kika sani."

Wannan "yanzu ne kika sani" ɗin ya fi komai yi min nauyi.

Daga ranar ban sake tatse kowa ba. Amma ban faɗa wa kowa dalili ba. Cewa na yi hannuna ya fara rawa, na ajiye aiki, a riƙa kiran Tabawa. Ita kuwa Tabawa ta ci gaba da yi yadda na koya mata.

Kun ga, a asibiti nas-nas suna faɗa, har a rediyo ana faɗa. Mata su ce to. In an dawo gida, tsohuwa ta shigo da ƙoƙo, magana ta ƙare. Yagana ta san haka. Shi ya sa ta ce za ta tara ungozomomin cikin gari in tashi in yi musu magana. Ta ce ita in ta faɗa za a ce boko ce, ni in na faɗa za a ji.

Na ce to. Aka sa rana.

Ranar na kulle ɗaki na ce zazzaɓi nake.

Me nake tsoro? Unguwar nan nake tsoro. Akwai matan da nake haɗuwa da su a gidan suna da gidan rasuwa, na san wadda ta binne ɗaya, na san wadda ta binne biyu, kuma ni na riƙe ƙoƙon. Har yau suna durƙusawa su gaishe ni, su aiko min da tuwo. Ba ni da ɗa, ba ni da miji, ɗakin nan ma na dangin Malam ne. Gaisuwar nan da tuwon nan su ne jama'ata. In na buɗe baki na ce abin da na yi ta yi muku kuskure ne, wa zai sake ɗaga labulena?

Da yamma Yagana ta zo, bayan an watse. Ta taɓa goshina ta ji sanyi ƙalau. Ta ce lallai zazzaɓin Fulani daban ne, shi ba ya zafi. Ta ajiye min lemo da ayaba, ta zauna muka yi hirar duniya. Ba ta tayar da zancen ba.

Haka take. Kusan kowace Juma'a in tana gari sai ta biyo bayan an sauko daga masallaci. Ita ta kai ni aka duba min ido aka ba ni tabarau. Ita ke kawo min man shafawa na gwiwa, ta shafa min da hannunta tana cewa duniya ta juya, uwargijiya ke yi wa baiwa tausa. In na ce Barebari dai ba su iya komai ba sai surutu, ta ce ai da surutun suka mallake mu.

Akwai ranar da ta zo da wata takarda duk Turanci. Ta buɗe can ƙarshe, ta kama yatsana ta ɗora a kan wani layi. Ta ce nan sunana ne, wajen godiya, ni da matan da suka ba da ɗigon. Ta ce mutane a ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba za su gani. Na ce to su yi me da shi? Ta ce ita ma wani lokacin tana tambayar kanta.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati uku ke nan. Ta rame, zoben hannunta yana juyawa. Na tambaya ta ce aiki ne. Na yi mata dambu ta ci loma biyu ta ture. Ba ta zolaye ni ba ranar, shi ya sa na ji wani iri.

Da za ta tashi ta dafa kafaɗata. Ta ce: "Goggo, takarduna suna zuwa ko'ina, amma ba sa shiga ɗakin mai jego a Dukawuya. Ke kike shiga. Ko Tabawa kaɗai ki faɗa wa."

Na ce sai na ɗan ji ƙarfi.

Ta kalle ni, ta yi murmushi, ta ce Allah Ya ba ki ƙarfin. Ta sa takalminta ta fita. Ban raka ta zaure ba saboda gwiwa.

Ashe tana jinya ne ta ɓoye. Ni da na san ciwon mace tun kafin ta faɗa, ban gane ba. Ko na gane na kau da kai, don ina gudun ta sake tayar da zancen.

To ga abin da ya sa na kira Rabi.

Ɗazu, bayan labarin ya bazu, Tabawa ta shigo yi min gaisuwa, don kowa ya san yadda muke da marigayiya. Ta yi addu'a, ta share hawaye. Sai ta ce ba za ta zauna ba, an haihu da safe a gidan da ke bayanmu, haihuwar fari, za ta koma ta tatse yarinyar kafin azahar. Har ta ce min, Goggo, yadda kika koya min.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne Allah Ya raya.

Ta fita. Na zauna ni kaɗai. Duk duniya mutum ɗaya ce ta san abin da ke cikina, ta sani kuma ba ta daina zuwa ba. An kai ta. Babu mai zuwa Juma'a ya tuna min, babu mai jira na ji ƙarfi. In na yi shiru yau, shirun ya tabbata ke nan har a kai ni, in je in tarar da tambaya.

Rabi ta ce min in ta tura wannan ba ya dawowa, har 'yan unguwa za su gani, za su karanta wa iyayensu. Ta tambaye ni sau biyu. Na ce ta rubuta.

Ku ji daga bakina, ni Goggo Dudu.

Dakashi ba ƙazanta ba ne. Kar a tatse a zubar. Da an haihu a sa wa yaro nonon uwarsa. Gwajin tururuwa ba komai ba ne, a bar shi. Na gani da idona abin da ke ciki, wadda ta ƙarar da rayuwarta a kan saninsa ce ta nuna min. Abin da na koyar kuskure ne. Duk wadda ta koya a wajena, ko a wajen wadda na koya wa, ta daina.

Matan da na shiga ɗakunanku da ƙoƙo, ban san me ya faru saboda ni ba, me kuma zai faru ko ba ni. Ban yi da mugun nufi ba. Amma bayan na sani na yi shiru, wannan kam laifina ne, ba na kakata ba. Ku yafe min. Wadda ba za ta iya ba, ba zan ga laifinta ba. Wadda ta ga ba za ta ƙara gaishe ni ba, na ji.

Rabi ta ce azahar ta kusa. Tana gama turawa za ta miƙo min sandata ta riƙe ni, mu zaga bayan gida. Ban san me Tabawa za ta ce ba, ga surukar yarinyar ma na san halinta. Daga can in ƙafata ta yarda sai Shahuci, in yi wa 'yan'uwan Yagana gaisuwa.

Ya Allah, ga Yagana 'yar Fanna ta zo gare Ka. Ka ji ƙanta, Ka yafe mata, Ka yalwata mata makwancinta. Ilimin da Ka ba ta bai tsaya a kanta ba, Ka sa ya zama mai gudana gare ta. Duk jaririn da ya sha nonon farko a sanadinta, Ka rubuta mata. Ka ba danginta da ɗalibanta haƙuri. Ka haɗa ta da mahaifiyarta a Aljanna.

Ku da kuke karantawa, na sani yawancinku kun fi ni sanin girman aikinta. Don Allah ku tsaya ku yi mata Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ne. Ku sa da jariran da suka tafi ba a raɗa musu suna ba, har da nawa.

Ni kuma ku roƙa min Allah Ya sa in na isa ƙofar ɗakin nan bakina ya buɗe.

Amin.